Fili Ɗari Kafin Ki Ce Babu

A 2014 na fara shekarar sanin makamar aiki a wani babban asibitin gwamnati. Shekara biyar na yi a jami'a ina karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, an rantsar da mu, hukumar MLSCN mai kula da sana'armu ta ba mu lasisin wucin gadi. Na shiga ɗakin gwaji da farar riga sabuwa fil, ta sha guga. Shugaban sashe ya duba takarduna, ya ce in fara da teburin maleriya, wurin Baba.

Baba ba shi da digiri. Makarantar koyon aikin lafiya ya yi, kuma a tsarin aikin gwamnati ni da na zo jiya-jiya ina kan hanyar da za ta ɗora ni a samansa. Ya haura shekara talatin a bakin madubin hangen ƙwayoyin cuta, ritayarsa ta kusa. Kowa Baba yake ce masa, har likitoci. Ni kuwa "Malama" yake ce mini, in na shigo ya jawo mini kujera.

Sati biyu cur bai bar ni na sa ido a madubi ba. Wanke gilashi, shafa jini, haɗa rini, shi ke nan aikina. Raina ya sosu, har na kai kuka wurin mahaifiyata. Ta ce in yi haƙuri, wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi.

A gefen teburinsa akwai wata tsohuwar jarida. In na shafa jini mai kauri a kan gilashi, sai ya ɗora gilashin a kan jaridar tun jinin bai bushe ba. Idan ana iya hango rubutun da ƙyar ta cikin jinin, ya yi. Idan rubutun ya ɓace, ya yi kauri, zai ɓamɓare wajen wanki. Idan ya fito tar, ya yi ruwa, ƙwayar cutar za ta iya kuɓuce wa mai dubawa. Ya sa na riƙa rufe gilasan da wani kwando mai raga, domin ƙuda na cin jinin, ƙura kuma na sauka a kansa ta zauna kamar ƙwayar cuta. Rinin Giemsa kullum sabo ake haɗawa da safe. Kashi 10 cikin 100 idan ana sauri, minti 10 zuwa 15. Kashi 3 cikin 100 idan ana son aiki mai kyau, amma sai a jira minti 45 zuwa awa guda. Ruwan haɗin kuwa ma'aunin tsaminsa ya tsaya a 7.2, in ya karkata sai launi ya rikice, ko ja ya rinjaya ko shuɗi. Duk wannan na rubuta shi a jarrabawa na ci. Amma hannuna bai san shi ba sai a teburin nan.

Abin da ya juya ni ya faru ne a watan Maris, lokacin zafi. An kawo jinin wani yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, zazzaɓi kwana biyu. Layi ya yi tsawo har bakin baranda, Baba ya fita sallar azahar. Na ɗiga mai a kan gilashin, na leƙa, na zagaya fili goma ko ƙasa da haka (fili shi ne ɗan da'irar da ido ke gani a madubi a leƙe ɗaya), na ga wasu ɗigogi masu launin shanshanbale, na rubuta alamar tarawa guda ɗaya, wato akwai maleriya kaɗan.

Gaskiyar magana, ban tabbata ba. Tsoron rubuta "ba a gani ba" nake. Wanda ya yi aiki a ɗakin gwaji a ƙasar nan ya san wannan tsoron. Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, saboda haka duk zazzaɓi a wurin mutane maleriya ne, in ba ita ba taifot. In ka rubuta babu, 'yan uwan mara lafiya su ce ba ku iya aiki ba, su wuce kemis. In ka sa tarawa ɗaya, kowa ya tafi hankali kwance. Na ga masu digiri suna yi, na bi sahu.

Al'adar Baba ce ba ya barin sakamakona ya fita sai ya sake duba gilashin. Ya dawo, ya zauna, ya daɗe yana juya madubi bai ce uffan ba. Can ya ɗago.

"Malama, zo ki nuna mini wadda kika gani."

Na nemo ɗigon, na matsa masa. Ya leƙa, ya matsa mini.

"Ina jan idon?"

Na duba. Babu.

"To ina shuɗin jikin?"

Shi ma babu. Ƙwayar maleriya a matakin farko kamar zobe take, jan ɗigo a matsayin idon zoben, shuɗin zare a matsayin jikinsa. Sai an ga biyun tare ake kiranta ƙwaya. Abin da na gani guggubin rini ne da ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Ya ce in zauna in ƙirga fili ɗari, ɗaya bayan ɗaya, shi zai ji da layi. Na ƙirga. Ban ga ko ɗaya ba.

"Yanzu bar neman maleriya," in ji shi. "Me kike gani?"

Sai a lokacin idona ya buɗe a kan abin da ke gabana tun ɗazu: fararen ƙwayoyin jini sun cika kowane fili, fiye da ƙima. Jikin yaron yana yaƙi da wani abu, ba kuma maleriya ba ce. Baba bai yaga takardar ba. Ya sa na ja layi ɗaya a kan abin da na rubuta yadda za a iya karanta shi, na rubuta daidai a gefe, na sa hannu da kwanan wata. Sannan ya ce in ɗauko takardar mu je wurin likita tare, kuma ni zan yi bayani.

Likitan ya sake duba yaron, ya taɓa wuyansa, ya sa aka ɗebi ruwan ƙashin bayansa. Ruwan da ya kamata ya fito garau ya fito a gurɓace. Sanƙarau ne. Aka ba shi gado nan take, ya yi kwanaki, Allah ya tashi kafaɗunsa. Wataƙila ko da takardata ta je yadda take, likitan zai gano, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne na kusa miƙa masa amsar da za ta ɗauke hankalinsa daga inda cutar take.

A hanyarmu ta dawowa ina jiran faɗa. Bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "'Yata, 'ban gani ba' ma sakamako ne, in kin duba. Kada ki ji kunyarsa." Daga ranar bai sake ce mini Malama ba. Kuma har ya yi ritaya ban taɓa jin wannan labarin a bakin wani ba.

Washegari ya fito da wani akwatin katako daga cikin durowarsa. Gilasai ne da ya tara shekara da shekaru, kowanne da lamba, amsoshin kuma suna cikin wani ƙaramin littafi a aljihunsa. Kullum da safe kafin jama'a su taru sai ya zaro biyar. In duba in rubuta amsata, sannan a buɗe littafi. Inda muka saɓa, mu koma kan gilashin tare, ni ido shi ido. A nan na ga ƙwayar maleriya nau'in falsifarum da ta zama kamar ayaba, wadda sauro ke ɗauka ya yaɗa. A nan na koyi ƙirge na haƙiƙa maimakon alamar tarawa: ka ƙirga ƙwayoyin cutar da ka gani har sai ka ƙirga fararen ƙwayoyin jini 200, ko 500 in cutar ba ta da yawa, ka ninka da 8,000, ka raba da adadin fararen da ka ƙirga. Da wannan lissafin ne likita zai gane ko magani na ci, abin da gwajin nan na gaggawa mai kama da na juna biyu ba zai faɗa masa ba, tunda yakan ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan an warke. In an ɗauke wuta, Baba ya ɗauko tsohon madubi mai amfani da hasken rana ya kai bakin taga, a ci gaba.

Wani abu da nake girmama shi a kai: ya san iyakarsa. Da na fara tambayarsa batun ƙaro karatu, ya ce wannan ba gonarsa ba ce, ya kai ni da kansa wurin wata Hajiya da ke kula da ingancin aiki a sashen. Ita ta koya mini ɓangaren da ba a gani a madubi: rubuta ƙa'idar kowane gwaji a takarda, cike littafin sanyin firij safe da yamma, da tsarin taurari daga sifili zuwa biyar da ake auna ɗakunan gwaji da shi a Afirka a kan hanyar cika ISO 15189, ƙa'idar duniya ta ingancin ɗakunan gwaji. Daga bakinta na fara jin cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya, da shirin NFELTP na horar da masu bin diddigin annoba wanda aka fara a 2008, da jarrabawar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa masu duba maleriya, mai mataki huɗu. Takardar neman gurbi ta farko da na rubuta sau uku tana dawo mini da ita da jan biro. Da aurena ya matso kuwa, ta rufe ƙofar ofis ta ce, "Ƙanwata, maganar aikin dare ki gama ta da shi da iyayensa tun kafin a shafa fatiha." Na bi shawararta. Na san mata da dama da suka ajiye farar riga saboda ba a gama wannan maganar ba.

Bayan bautar ƙasa na samu aiki a asibitin, na tarar da Baba saura 'yan watanni. An kawo na'urar GeneXpert, wadda ke gano tarin fuka daga kaki cikin kamar awa biyu, har ta nuna ko cutar ta bijire wa maganin rifamfisin. Kwamfuta ce ke tafiyar da ita, Baba kuwa bai taɓa riƙe linzaminta ba. Ya jawo kujera ya zauna gefena ya ce, "Yau ke ce malamar." Yana rubuta kowane mataki a littafinsa na aljihu.

Kowace shekara sai mun tara makin ƙarin ilimi kafin a sabunta mana lasisi, kuma ina ganin hakan daidai ne. Na halarci tarurrukan bita da yawa, wasu sun amfane ni sosai. Amma na sha ganin an tura wanda ya rabu da teburin gwaji tun tuni, saboda alawus, an bar mai aikin. Na kuma ga wanda ya dawo da takardar shaida ya jefa a durowa bai koya wa kowa ba. Bita ta kwana uku tana iya sanar da kai sabon abu. Gyaran hannu da ido kuwa sai da wanda zai duba gilashinka gobe da jibi.

Da aka fara turo mini nawa ɗaliban, na zaci na iya. Ta farkon yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma ba ta da sauri. Wata rana layi ya cika, na ga tana jan lokaci, na karɓe gilashin daga hannunta a gaban marasa lafiya, na ce ta matsa. Na yi haka sau biyu ko uku. Sai ta daina tambaya. Na ɗauka ta ƙware ne, har ranar da na ɗebi gilasanta na sake dubawa, na tarar da alamar tarawa ɗaya a kan jinin da babu komai. Ciwon da Baba ya cire mini da hannunsa, ni na dasa mata shi da bakina.

Daren nan barci ya ƙaurace mini. Da safe na kira ta gefe na ba ta haƙuri, na kuma ba ta labarin yaron watan Maris, wanda ban taɓa ba kowa ba. Ta yi kuka, ta ce tsoron jinkiri ne ya sa ta. Muka fara gilashi biyar kowace safiya. Tun daga nan na ɗaukar wa kaina ƙa'ida: ba na gyara wa ɗalibi a gaban mara lafiya, ba na faɗin amsa kafin in ji tasa, kuma duk wanda ya kira ni in duba masa abu, ko ina tsakiyar me, zan ce ina zuwa, in kuma je.

Yanzu yawancinsu tambayarsu ta farko ita ce hanyar fita Saudiyya ko Ingila. Ba na ganin laifinsu, na san albashin, na san tsadar rayuwa. Ina rubuta musu takardar shaida da zuciya ɗaya. Roƙona guda ne, kafin su tafi su zaunar da wani a gefensu na wata uku.

Ranar da aka yi wa Baba walimar sallama, bayan an watse, ya miƙo mini akwatin katakon da littafin aljihun. Rinin wasu gilasan ya dushe, na maye gurbinsu da nawa, na ci gaba da lamba daga inda ya tsaya. Makon jiya wata sabuwar ɗaliba ta leƙo ofis, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu.

"Anti, na duba fili ɗari, ban ga maleriya ba. Amma jajayen ƙwayoyin jinin a shafin jini marar kauri, wasu sun lanƙwashe kamar lauje. Ko za ki zo ki gani?"

Na ajiye biro, na bi ta, na jawo kujera gefenta. Na ce ta fara nuna mini inda ta gan su.