Tambayoyin da Na Kai Aji Daga Wurin Aiki

Duk wanda ya yi shekaru yana aiki sannan ya koma makaranta, babbar fargabarsa ita ce ko ƙwaƙwalwa za ta ɗauka. Aikina kula da sito ne a wani kamfani, kaya su shigo in rubuta, su fita in rubuta, kuma duk lokacin da gurbin ƙarin girma ya samu sai a ce mai digiri ake nema. Ban ce ƙa'idar ba ta da dalili ba, amma akwai ciwo idan kai ne za ka koya wa wanda aka ɗora a kanka aikin. Wannan ya sa na shiga karatun akanta na yamma.

Hadda kam ba ta zauna mini kamar yadda take zauna wa matasan ajinmu. Raymond Cattell, masanin halayyar ɗan Adam, ya raba basira gida biyu: saurin warware sabon abu, wanda yake ja da baya idan shekaru sun tura, da ilimin da mutum ya tara, wanda yake ci gaba da ƙaruwa har girma ya kama shi sosai. Na biyun nan na gan shi da idona ranar da malam ya zo kan yadda ake ƙiyasta darajar kayan da suka rage a sito. Ya rubuta a allo cewa kayan da suka fara shiga su ake lissafa sun fara fita. Matasa suna ta kwafa, ni kuwa kantar can ƙurya nake gani, inda sababbin katan suke danne tsofaffi har wa'adinsu ya ƙare ba a sani ba. Na daɗe da sanin cewa abin da ke littafi da abin da ke kan kanta ba sa yin daidai. Sai a ranar na gane cewa wannan giɓin yana bin lissafi har ya taɓa ribar kamfani a ƙarshen shekara, na kuma gane dalilin da masu binciken kuɗi suke matsa mini lamba a kan katan ɗaya.

Daga nan na riƙa shiga aji da tambayar da na ɗauko daga wurin aiki, washegari in gwada amsar. Abin da na gwada da hannuna ban taɓa shan wahalar tuna shi a jarrabawa ba. Matasan ma suka gano haka. Wani ya kan ce, "Yaya, a zahiri yaya ake yin wannan?" In ba shi labari, shi kuma ya nuna mini dabarun manhajar lissafi ta Excel da yake yi cikin minti biyu.

Lokaci ne ya fi ba ni wuya. Mai aiki da iyali ba ya iya tara karatu sai ƙarshen mako, domin ranakun nan ma suna da masu haƙƙi a kansu. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu, sannan ta rage sauri. Saboda haka kowace safiya kafin in fita, nakan rufe littafi in rubuta abin da na tuna daga darasin jiya, sannan in buɗe in ga inda na yi tuntuɓe. Ya fi maimaita karantawa gajiyarwa, amma shi ne yake zama. Iyalina ma sun biya nasu kason, don akwai hirar dare da yawa da ba a yi da ni ba.

Tsarin karatun masu aiki ba sabo ba ne. A 1969 Birtaniya ta kafa Open University, jami'ar karatu daga nesa, ɗalibanta na farko suka fara a 1971, ana ba su darasi ta rediyo da talabijin da wasiƙa, ba tare da an nemi takardun shiga da sauran jami'o'i suke nema ba. Yau intanet ta sauƙaƙa abin, sai dai ta kuma buɗe ƙofa ga makarantun da babu hukumar da ta amince da takardarsu, don haka a bincika kafin a biya kuɗi.

Wanda nake tausaya wa shi ne mai son sauya fanni gaba ɗaya, wanda aikinsa na rana ba ya haɗa hanya da karatunsa na dare. Shi ba shi da sito da zai gwada darasi a ciki, dole ya nemi wurin gwaji da kansa, ko aikin sa kai, ko ya roƙi wani sashe a wurin aikinsa su bar shi ya riƙa taimaka musu bayan an tashi.