Shekara uku ina koyon busa bason daga Maradi

Bason ɗin da nake busawa ya girme ni. Kawuna ne ya zo da shi daga Jamus bayan ya ƙare karatu, ya tura akwatinsa ƙarƙashin gado a gidanmu na unguwar Zariya, kuma da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon kaya, babu wanda ya miƙa hannu, domin wasu sun ɗauka bututun wani inji ne da ya lalace. Ni da nake koyar da lissafi a koleji, ban taɓa karanta rubutun kiɗa ba, amma na ce a bar mini.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, abin busa ne na katako wanda bututunsa ya kai kusan mita 2.5, sai aka naɗe shi gida biyu don hannu ya iya kaiwa ga ramukansa, ya koma kamar mita 1.3 a tsaye. Nawa ƙirar Jamus ne, irin tsarin da masana'antar Heckel, wadda aka kafa a 1831, ta yaɗa a duniya. Sautin kuwa daga wani ɗan abu yake tashi da bai kai tsawon yatsa ba: ɓallin kara biyu da aka haɗa fuska da fuska aka ɗaure da waya, wanda Faransawa ke kira ansh. Duk wanda ya tsaya kusa da masu algaita a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maradi ranar hawan salla ya riga ya san dangin wannan sauti, domin ita ma algaita da tagwayen harshe take magana.

Ban sami mai koya mini a gari ba, don haka na nema ta intanet, har Allah ya haɗa ni da wata malama da ke zaune a birnin Liyon na ƙasar Faransa, wadda ta amince mu riƙa haɗuwa ta Zoom sau ɗaya a mako. Na shiga da zaton cewa matsalata ita ce rezo da kuɗin forfe, kuma lalle sun wahalar da ni, amma waɗannan an shawo kansu da wuri. Mun gane cewa manhajar tana ɗaukar dogon sauti a matsayin hayaniya ta yanke shi, sai an kunna zaɓin da ke barin sauti yadda yake. Mun gane cewa ba za mu iya busa tare ba saboda jinkirin da ke tsakanin Maradi da Faransa, sai dai ta busa in maimaita. Na kuma yi asarar darasi guda cur a ƙarshen Maris na shekarar farko, domin ban san cewa agogonsu yana tsallake awa ɗaya ya bar namu ba, sai ƙarshen Oktoba mu sake daidaita.

Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne fahimtar cewa malamata ba ta iya sa ansh ɗina a bakinta. A ɗakin koyarwa, in sautin ɗalibi ya shaƙe, malami yakan karɓi abin busar ya gwada da kansa, nan take ya san ko laifin na ɗalibi ne ko na kaya. Mu ba mu da wannan gata. Wata biyu na yi ina fama da sautukan ƙasa, musamman si bemol wanda shi ne mafi zurfi, suna ƙin fita, tana gyara mini zama da numfashi da riƙon leɓe, ina komawa gida ina zargin kaina. Ashe wani ɗan matashin fata da ke toshe rami ne ya bushe yana sakin iska. Ranar da ta ce in yanko siririyar takarda in sa ƙarƙashin kowane maɓalli in ja, in faɗa mata inda takardar ta zare ba tare da turjiya ba, a ranar aka kama ɓarawon. Tun daga lokacin na daina ce mata “ba ya fita” kawai. Na koyi in ce wane sauti ne, da wane ansh, bayan minti nawa da fara busa, da safe ko da rana, kuma ko ya gyaru da na ƙara jiƙa shi. In bayanina ya yi rauni, maganin da za ta ba ni ma rauni zai yi, kamar likitan da aka je wa da saƙon mara lafiya.

Sai kuma iskar garinmu, wadda ba ta cikin littafin koyon bason na Weissenborn na 1887 da muke bi. Karan da ake yin ansh da shi yawanci daga kudancin Faransa yake fitowa, kuma bai san hunturu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ansh ɗin da na jiƙa yakan bushe kafin malama ta gama bayani, wayoyin da suka ɗaure shi su yi sako-sako, katakon bason ɗin ya tsuke har gaɓoɓinsa su riƙa motsi. A watan Afrilu kuma, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sautin yakan hau sama da ma'auni, in yi ta kokawa da shi. Malamata ta faɗa mini gaskiya cewa ba ta taɓa busa a irin wannan yanayi ba, kuma wannan gaskiyar ta ƙara mata daraja a idona fiye da in ta ƙirƙiro amsa. Ta ba ni ƙa'ida, wato in sa ɗan jiƙaƙƙen soso cikin akwati, in kuma tsane ruwan da ke taruwa a gindin bututun bayan kowace busa don kada katakon ya ruɓe. Sauran ta ce in nemi wanda ya san iskar.

Haka na je wajen wani tsohon mabushin algaita, abokin mahaifina, da ke zaune a hanyar Tibiri. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe akwati, ya daɗe yana juya ansh ɗin a tafin hannunsa. Ya ce: “Ɗana, wannan ai ƙishirwa ke damunsa, kai kuma kana ba shi ruwa kamar mai rowa.” Ya nuna mini yadda yake ajiye nasa a inuwa, ba ya barin su bushe ƙayau tsakanin busa da busa, kuma ba ya dogara da guda ɗaya. Na ce: “Baba, to numfashin fa?” Sai ya cika kumatunsa ya riƙe sauti ɗaya ba yankewa, yana shaƙar iska ta hanci, har na gaji da jira. Da na nuna wa malamata wannan a darasi na gaba, ta yaba ƙwarai, amma ta hana ni kwaikwayo a matakin da nake. Mai algaita yana cusa harshen karan duka cikin baki ya bar shi yana rawa da kansa, shi kuwa mai bason da leɓɓansa yake riƙe shi yana sarrafa kaifi da taushi, don haka kumburin kumatu zai ɓata mini riƙo. Na ji zafin wannan hani a lokacin, domin na so in haɗa gadon gida da na waje tun ban iya ko ɗaya ba. Yanzu na yarda tana da gaskiya. Daga Baba na ɗauki kula da kara da haƙurin riƙe dogon sauti, daga wajenta na ɗauki leɓe da yatsu, musamman babban yatsan hagu wanda shi kaɗai yake da maɓallai wajen tara.

Akwai wani amfani da nisan ya yi mini wanda ban zata ba. Saboda rezo yana yankewa, ta ce in riƙa naɗar busata a waya in aika mata a tsakiyar mako, a matsayin fayil, don kada WhatsApp ya matse sautin. Kafin in aika sai in saurara, kuma sau da yawa kunya takan sa in goge in sake, domin abin da mai busa ke ji a cikin kansa ya fi abin da ke isa kunnen mutane daɗi. Kafin shekara ta zagayo, na fara gano kuskurena tun ba ta faɗa ba. Wannan dabara ta bi ni har aji: yanzu in ɗalibi ya ce bai gane lissafi ba, nakan ce ya nuna mini layin da ya tsaya, da abin da ya gwada kafin ya tsaya.

A bana ta ba ni sashe na biyu, mai tafiya a hankali, na kiɗan bason da Mozart, shahararren mai tsara kiɗan Turai, ya rubuta a 1774 yana ɗan shekara 18. Na kai wa Baba naɗin farko ya saurara, ya ce sautin ya fara yin ƙiba amma ina yanke numfashi kamar mai gudun bashi. Malamata, da na fassara mata, ta yi dariya ta ce ta sa alama a wurare uku da ya kamata in shaƙi iska, kuma in sake aiko mata kafin ranar Laraba.