Kunnen da na ba wa kiɗan metal

Wata rigar gwanjo ce ta ja ni. Baƙa ce, da zanen wani ƙwarangwal mai gashi buzu-buzu a gabanta, an rubuta Iron Maiden da jajayen haruffa. Na saye ta ne don ta zauna mini kuma da araha, ban ma san sunan makaɗa ba ne. A lokacin shekaruna 19, jami'a tana yajin aiki, muna zaune a gida wata da watanni, ba karatu ba sana'a, zuciya kullum a cunkushe. Wata rana na shiga kafe na buga sunan a intanet. Abin da ya fito ya tsuma ni irin tsumawar da kalangu ke yi wa ɗan dambe kafin ya faɗa fage. Fushin da na rasa bakin faɗa, sai ga wasu mutane a Landan sun mayar da shi kiɗa, kiɗan jita da ganguna mai nauyi da ƙara da ake kira metal.

Yau na haura shekara 35, kuma kunnena na hagu yana kuka dare da rana. Shi ya sa nake rubuta muku wannan, ƙannena, ku da nake gani kuna tura wa juna irin waɗannan waƙoƙi a waya. Hukuncin kiɗa a addini fagen malamai ne, ku je gare su. Ni abin da zan iya nuna muku shi ne wuraren da na yi tuntuɓe.

Babban kuskurena shi ne na ɗauka ƙarar ita ce kiɗan. Da na san asalinsa da wuri, da ban yi wannan tunanin ba. A birnin Birmingham na Ingila aka haife shi, garin masana'antu da hayaƙi, inda yara huɗu 'ya'yan talakawa suka haɗu a 1968 suka zama Black Sabbath. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 yana aiki a masana'antar farantin ƙarfe, a ranarsa ta ƙarshe kafin ya bar aikin ya rungumi kiɗa, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, da hannun daman nan yake danna tsirkiya. Sai ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya manna musu fata. Ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don kada su yi masa ciwo. Tsirkiyar da aka sassauta muryarta takan yi ƙasa, ta yi kauri. Wani babban ɓangare na nauyin da ake ji a kiɗan nan daga raunin yatsun mutum ɗaya ya fito.

Ku saurari farkon faifansu na farko, wanda ya fito ranar 13 ga Fabrairu 1970. Ruwan sama ne ke sauka, ga tsawa, ga ƙararrawa daga nesa, sannan jita ta shigo a hankali da sauti uku kacal tana maimaita su. Ko a ƙaramar rediyo aka sa shi da murya ƙasa-ƙasa, tsikar jikinka za ta tashi. Daga wannan tushen rassa suka yi ta fita. Masu doom suka riƙe jan ƙafar nan da nauyi. Judas Priest suka zo da jita biyu masu amsa wa juna. Motörhead, da Lemmy ya kafa a 1975, suka ƙara gudu, sai samarin Amurka irin su Metallica da Slayer da Megadeth suka ɗora a kai a shekarun 1980, aka sami thrash. A jihar Florida, musamman garin Tampa, death metal ta yi ƙarfi, da muryar gurnani da gangunan ƙafa biyu masu zuba kamar ƙanƙara a kan kwano. Kowane reshe da gwanintarsa. Ni kuwa ban tsaya jin bambancin ba. Wanda ya fi tsauri nake nema, in ƙure ƙarar wayar har ƙarshe.

Awa huɗu, awa biyar kowane dare, iyafis a kunne, sau da yawa da shi nake barci. In maƙwabta sun tayar da janareta sai in ƙara danna maɓallin don in danne shi. Jikina ya yi ta yi mini kashedi. In na cire iyafis sai in ji duniya ta yi dum kamar an cusa mini auduga, da wani siririn fito da kan ɓace kafin gari ya waye. Tunda yana ɓacewa, na ɗauka ba komai. Kiran sallar asuba nawa ya wuce ni a haka, Allah kaɗai ya sani, kuma wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kai.

Wata safiya fiton bai ɓace ba. Na jira kwana uku, na jira mako. Ranar da abin ya shige ni sosai, ina zaune a tsakar gida ba komai a kunnena, Umma tana bakin kicin, sai na ga ta taho ta tsaya a kaina. Ta ce, "Sau uku ina kiranka. Fushi kake yi da ni ne?" Na ce, "Wallahi Umma ban ji ba." Ta dube ni shiru, ta juya. Ta fi yarda cewa raini ne a kan ta yarda ɗanta mai shekara ashirin da 'yan kai ya fara kurumcewa.

A asibiti aka sa ni a wani ɗan ɗaki, aka ɗora mini abin ji a kai, aka ce in danna maɓalli duk lokacin da na ji sauti. Likitan ya nuna mini takardar sakamakon, layin yana tafiya daidai sai ya faɗa rami wajen sirarun sautuka. Ya yi mini bayani cewa can bayan dodon kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, su ne ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Na tambaye shi maganin kukan. Ya ce, "Malam, sai dai mu tsare abin da ya rage."

Ga lissafin da ban sani ba a lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai desibel 90, awa 4 ne kawai a mako ɗin gaba ɗaya. Waya da iyafis in an ƙure su suna iya wuce 100. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarar na'ura. Ku riƙe wannan, ku riƙa cire iyafis kuna hutar da kunne, kada ku yi barci da shi, kada ku yi gasa da janareta. Duk ranar da kuka ji fito bayan sauraro, kun riga kun wuce gona da iri. Su kansu makaɗan sun ɗanɗana: Lars Ulrich, mai gangunan Metallica, ya sha faɗa a fili cewa yana fama da wannan kukan kunnen.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya. Ina rera abin da ban san ma'anarsa ba. Cikin waƙoƙin nan akwai masu nauyin gaske. War Pigs ta Black Sabbath tsinuwa ce ga shugabannin da ke tura 'ya'yan talakawa yaƙi, an yi ta a zamanin yaƙin Biyetnam. Master of Puppets ta Metallica, ta 1986, tana nuna yadda ƙwaya ke mayar da mai shanta bawa. Sai na ɗauka duk haka suke. Na faɗa cikin wani reshen da ake kira black metal, na Norway, na yi watanni ina tura wa abokai kiɗan wani mutum, har na sa hoton faifansa a shafina. Wani abokina da ya fi ni karatu ya ce, "Ka san ko wane ne wannan?" Ban sani ba. Varg Vikernes ne, wanda a 1993 ya kashe abokin kiɗansa da wuƙa, a 1994 kotu ta ɗaure shi shekara 21 kan kisan da kuma ƙona coci-coci, kuma bai taɓa ɓoye aƙidarsa ta fifita farar fata ba. Ni baƙar fata, Musulmi, ina yi masa talla kyauta. Jikina ya yi sanyi a ranar. Yanzu kalmomin kusan kowace waƙa suna intanet. Ku karanta kafin ku haddace, ku bincika mutum kafin ku ɗora sunansa a ƙirji, domin akwai masu saɓo ƙarara a ciki, akwai masu ƙin ku.

Na kuma yi girman kai. Kawu yana sa kaset ɗinsa na kiɗan gargajiya ina yamutsa fuska, ina ganin na waye. Sai daga baya na ga Sepultura na Brazil, a faifansu Roots na 1996, sun bi har ƙauyen ƙabilar Xavante don su ɗauki waƙa tare da su. Na ga makaɗan Botswana, na ga 'yan mata uku masu hijabi daga Garut a Indonesiya, Voice of Baceprot, sun hau dandalin babban bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila a 2024. Kowa ya shiga da kayan gidansu, ni na bar nawa a bakin ƙofa. Kawu ya rasu ban zauna na saurari kaset ɗaya tare da shi ba.

Ranar 5 ga Yuli 2025 mutum huɗun nan na asali na Black Sabbath suka yi wasansu na ƙarshe a filin Villa Park, a unguwar Aston inda suka taso. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne a zaune ya yi waƙa saboda cutar Parkinson, kwana 17 bayan nan ya mutu. Na kalli wasan daga baya a ƙaramar sifika, murya ƙasa da rabi, fanka tana juyawa don ta ɗan rufe fiton. Iommi yana da shekara 77, hulunan suna nan a kan yatsunsa. Kaurin jitarsa na ji shi sarai. Kwanukan tagulla da mai gangarsu Bill Ward ke duka a saman ganguna kuwa, a kunnen hagu sai dai na ga sanda tana sauka.