Satifiket na biyu, bayan shekara biyar a kujerar mai haja

Shekara biyar ke nan ina aiki a wani kamfanin manhajar kuɗi a nan Accra, a muƙamin da abokan aikina suke kira firodak ona. Ni kuwa na fi son in ce mai haja, domin da wannan sunan ne kawuna da ke sayar da atamfa a kasuwar Nima ya gane abin da nake ci da shi. Mai haja shi ne wanda yake yanke hukunci a kan abin da masu rubuta manhaja za su fara ginawa, da abin da zai jira, da abin da ba za a taɓa ginawa ba. Jagorar Scrum, wato tsarin aikin da masu gina manhaja suke bi zango-zango, wadda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka fara fitarwa a 2010 kuma suka sabunta a 2020, ta ce mai haja mutum ɗaya ne, ba kwamiti ba. Da na faɗa wa kawu haka, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai a shago ma ba a sarki biyu zamani ɗaya."

Takardata ta farko ita ce CSPO, satifiket ɗin mai haja na matakin farko na ƙungiyar Scrum Alliance, wadda ake samu bayan zaman aji na kwana biyu, ba tare da jarrabawa ba. Ta buɗe mini ƙofar aiki, kuma ban raina ta ba, amma abin da take shaidawa shi ne na zauna na saurara.

Abin da ya tura ni neman ta biyu ya faru ne a 2022. A watan Mayu na shekarar gwamnati ta fara cire harajin E-Levy na kashi 1.5 cikin 100 daga kuɗin da ake aikawa ta waya, ban da sidi 100 na farko a kowace rana. Manhajarmu ta adashi ce, kuma yawancin masu zubi mata ne 'yan kasuwa a Nima da Maamobi da Madina. A daidai lokacin da suke komawa miƙa tsabar kuɗi hannu da hannu don gudun haraji, ni ina can na sa ma'aikata sun shafe zangon aiki uku, wato mako shida, suna gina wani shafi mai zane-zanen launi da ke nuna yadda ajiyar mutum take hauhawa, saboda wani babba a kamfanin ya ga irinsa a wani wuri ya yi sha'awa. Mun gama a kan lokaci, aka yi mana tafi a taron duba aiki, shafin kuwa da ƙyar ake buɗe shi. Da na je Maamobi wajen wata uwar adashi, ta ɗaga ƙaramar wayarta mai madannai ta ce, "Ɗana, ni zane ba ya gabana. Saƙo nake so ya shigo ya ce mini wance ta zuba, kuma ga abin da aka cire mata." A hanyar komawa ofis, cikin trotro, na lura cewa duk alƙaluman da nake kai wa shugabanni na ayyukan da muka kammala ne, babu ko ɗaya da ke nuna amfanin da wani ya samu.

Hanyoyi biyu na auna. Ta Scrum Alliance ita ce A-CSPO, matakin da ke gaba da CSPO, wadda sai mai CSPO ne yake nema, kuma sai ya nuna ya yi aƙalla wata 12 yana wannan aiki a cikin shekara biyar da suka wuce. Ana yin ta a hannun malamin da ƙungiyar ta amince da shi, ana sabunta ta duk shekara biyu da kuɗi da kuma makin ƙarin karatu 30, sannan a samanta akwai CSP-PO mai neman wata 24. Ɗaya hanyar ita ce PSPO II, satifiket ɗin mai haja mataki na biyu na Scrum.org, cibiyar da Schwaber ya kafa a 2009. Ita ba ta tilasta shiga aji: tambaya 40 ce a cikin minti 60 ta intanet, ana buƙatar kashi 85 cikin 100, kuma idan mutum ya ci, takardar ba ta mutuwa. Na zaɓi ta biyu, kuma ba zan ɓoye ba, aljihu ne ya yi rinjaye, domin duka da dala ake biya, kuma duk wanda ya ga yadda sidi ya zube a 2022 ba zai so ya ɗaura wa kansa biyan dala duk shekara biyu ba. Sai dai wanda kamfaninsa zai ɗauki nauyi, ina ganin ajin A-CSPO ya fi masa, saboda muhawara da tsararraki a gaban malami ba ta samuwa ga mai karatu shi kaɗai bayan sallar isha'i.

Jarrabawar ba ta hadda ba ce. Ana kawo yanayi ne, misali masu ruwa da tsaki biyu suna jan jerin ayyuka kowa zuwa ɓangarensa, ko ciniki yana ƙaruwa alhali masu amfani suna ƙorafi, a ce ka zaɓi matakin da ya fi dacewa a cikin amsoshin da kusan dukansu suna da fuskar gaskiya. Abin da ya fi yi mini amfani a shirin shi ne tsarin gudanarwa bisa hujja na Scrum.org, wanda ya kasa auna daraja gida huɗu: amfanin da hajar take bayarwa yanzu, amfanin da za ta iya bayarwa amma ba a kai gare shi ba, saurin kai sabon abu hannun jama'a, da kuma ƙarfin ƙirƙira. Da na ɗora adashinmu a kan wannan ma'auni, sai na ga mun ƙware a gida na uku, muna fitar da abu duk mako biyu, amma gida na biyu, wato matan da ke da ƙananan wayoyi waɗanda sai ta lambobin tauraro, wato lambobin da ake dannawa masu farawa da alamar *, suke hulɗa da kuɗinsu, ba mu taɓa ƙirga su ba. Na rubuta jarrabawar ranar Asabar a ofis, inda akwai janareta, domin kuɗin na gwaji ɗaya ne, kuma ban yarda ɗaukewar wuta ta cinye mini shi ba.

Albashina bai motsa ba saboda takardar, kuma a tattaunawar neman aiki biyu da na yi a Accra babu wanda ya tambayi bambancin mataki na ɗaya da na biyu. Shi ya sa nake ba ƙannena na Zango da ke shiga wannan fanni shawarar kada su yi gaggawa. Wanda bai taɓa gina abin da aka ƙi amfani da shi ba, tambayoyin za su zame masa wasan canki-canka.

Akwai kuma abin da karatun bai taɓo ba. Littattafan suna cewa mai haja ya iya cewa a'a, amma ni da aka rene ni a gidan da ba a haɗa ido da babba, faɗin a'a ga wanda ya haife ni a shekaru ba ƙaramin abu ba ne. Dabarar da na samu ita ce in bar hujja ta yi magana a madadina. Idan babba ya kawo buƙata, sai in ce, "Ranka ya daɗe, mu gwada a kan rukunin adashi biyu na tsawon zango ɗaya, mu ga ko zubi zai ƙaru." Sau da yawa shi da kansa yake janyewa idan sakamakon ya fito, wani lokacin kuma ni ne nake shan kunya, domin shi ke da gaskiya.

An soke E-Levy a watan Afrilun 2025, amma saƙon da uwar adashin nan ta nema yana nan yana aiki. Abin da ke saman jerinmu yanzu shi ne mayar da shi saƙon murya da Hausa da Twi saboda waɗanda ba sa karatu, kuma ranar Alhamis zan koma Maamobi da rukuni biyu na gwaji.