Famfon da ke riƙe da hasken leza

A Samaru shagona yake, kuma da gyaran injin ban ruwa na manoman rani na fara. Sannu a hankali masu ɗakunan gwaje-gwaje suka soma kawo min famfunansu da na'urorin sanyaya ruwa, har na ɗauki yara uku. Ta wannan ƙofa ce leza mai aiki da ruwan rini, wato na'urar da ke fitar da siririn haske mai ƙarfi, ta zo hannuna.

Wani malami ne ya kira ni cikin Afrilu, ana tsananin zafi. Ya ce, "Malam, hasken nan sai rawa yake kamar aci-bal-bal a bakin iska. Na gyara zaman madubai har na gaji." Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in saurari famfon tukuna." Da na kara kunne, sai na ji yana tari.

Rinin da aka fi sa wa irin wannan na'ura shi ne Rhodamine 6G. Wata leza ce ke haska shi, shi kuma ya fitar da haske ruwan lemo, wajen nanomita 590 a ma'aunin launin haske, wanda ake iya karkata launinsa gaba ko baya. Tun 1966 masana Sorokin da Lankard a kamfanin IBM na Amurka, da Schäfer a Jamus, suka samo lezar rini, amma walƙiya kawai take yi ta ɗauke. Sai a 1970 masu bincike a kamfanin Kodak suka sa ta haskawa ba yankewa, kuma sai da suka sa ruwan gudu.

Dalilin gudun ne ya fi burge ni. Ƙwayoyin rinin, in suka daɗe a gaban haske, wasunsu kan faɗa wani hali na suma: ba sa fitar da nasu hasken, suna kuma shanye na 'yan'uwansu. Dole a kwashe su a kawo sababbi kafin su taru. Ga zafi: wurin da ake tattara hasken bai kai kaurin gashi ba, in ruwan ya ɗumama a nan sai ya lanƙwasa hasken kamar gilashin tabarau. Ga kuma koɗewa, wadda duk marini ya sani. Shi ya sa ake feso ruwan ta siririn baki, ya fito shimfiɗe kamar takarda, yana gudun kusan mita 10 a daƙiƙa.

Sai dai gudu kaɗai ba ya wadatarwa, a nan ne masu ƙara wa famfo ƙarfi ke kuskure. Ana son ruwan ya tafi sumul, ba kumfa ba tangarɗa. Don haka ake narka rinin a sinadarin etilin gilaikol mai kauri. To, zafin Zariya na tsinka shi, fuskar ruwan ta soma karkarwa, hasken ma ya bi.

Abin da na tarar ranar, tiyon da ke zuƙo ruwa ya tsage yana shan iska, matacin kuma ya toshe da ƙurar hunturun da ya wuce. Kwalbar da ke shanye bugun famfo ta cika maƙil, babu sauran iska a samanta. Muka sauya tiyo da mataci, muka gyara kwalbar, muka dawo da ruwan sanyi kan tankin. Hasken ya tsaya cak a jikin katin da muke duba shi a kai.

Yarana sun san dokata: ba mai taɓa rinin nan sai da safar hannu, ba mai tsayawa kusa sai da tabaran kariya, kuma tsohon ruwan ba a zuba shi a kwata. Bakin fesawar kuwa ni kaɗai nake wanke shi, don in ya sami ɗan tabo ba a samun irinsa a Sabon Gari, sai an yi odarsa daga waje a zauna jira.