Idan Cuta Biyu Suka Haɗu a Cikin Kazar Ƙwai

Na daɗe ina lura da wani kuskure da masu kiwon kajin ƙwai ke maimaitawa, kuma ni ma na taɓa faɗawa cikinsa. Da zarar ƙwai ya ragu, kaji suka fara zawo, aka wayi gari da mushe ɗaya ko biyu, sai a garzaya a zuba maganin kashe bakteriya a ruwan sha. Mutuwar takan lafa na ɗan lokaci, mai kaji ya saki jiki, bayan mako biyu ko uku kuma ta dawo. Dalilin da aka fi samu shi ne cutar ba ɗaya ba ce. Akwai tsutsa ko wata ƙaramar halitta da ta fara raunata hanji, bakteriya kuma ta bi ta wannan raunin ta shiga jiki, maganin da aka bayar kuwa bakteriyar kaɗai ya taɓa.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne kashin jini, wanda likitocin dabbobi ke kira koksidiyosis. Halittar da ke haddasa shi, Eimeria, tana shiga cikin fatar hanji ta hayayyafa har ta farfasa ta, ƙwayayenta kuma su fita cikin kashi, su nuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu idan shimfiɗar ɗakin tana da danshi da ɗumi. Hanjin da ya yi rauni yakan zubar da majina da sinadarin gina jiki, wannan kuwa shi ne abincin da bakteriyar Clostridium perfringens ke jira. Tana zaune a hanjin kaza mai lafiya ba tare da ta yi ɓarna ba, amma idan ta sami wannan dama sai ta yawaita, ta saki dafin da ke ruɓar da hanjin, kaji su riƙa mutuwa farat ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lamarin tsutsar Heterakis gallinarum, wadda ke zama a jakunkuna biyu na ƙarshen hanji. Ita kanta ɓarnarta kaɗan ce, sai dai a cikin ƙwayayenta ne halittar Histomonas meleagridis ke ɓuya, har ta yi shekaru a ƙasa ba ta mutu ba, tana kuma iya shiga kaza ta hanyar tanar da ta tsattsaga ta ci. Histomonas na lalata ƙarshen hanji, wani lokaci har da hanta, sannan bakteriyar E. coli ta ratsa ta shiga kogon ciki da bututun ƙwai. Wanda ya feɗe irin wannan kaza zai tarar da wani abu mai kama da dafaffen gwaiduwa ya manne wa kayan ciki, kuma idan ya tsaya a nan zai ɗora wa E. coli laifin duka. Ga shi magungunan da aka saba kashe Histomonas da su an janye su, Tarayyar Turai ta haramta nifursol a 2003, Amurka kuma ta dakatar da nitarsone a ƙarshen 2015, saboda haka yaƙi da tsutsar shi ne babbar kariyar da ta rage.

Doguwar tsutsar nan Ascaridia galli ma tana rage wa kaza ƙarfin jure bakteriya, kuma ta ƙara yawaita a Turai tun da aka hana tsofaffin kejin tsare kaji a 2012, domin kazar da ke tafiya a ƙasa tana cuɗanya da kashinta. Akwai kuma jan ƙuma, Dermanyssus gallinae, mai ɓuya a tsagar katako da rana ya fito shan jini da dare, wanda aka tabbatar yana iya ɗaukar bakteriyar Salmonella.

A ganina, mai kaji da ya ga mutuwa tana dawowa bayan magani bai kamata ya sauya wani maganin bakteriyar da ka ba. Ya kai wa likitan dabbobi mushen da bai daɗe da mutuwa ba tare da sabon kashi, a buɗe hanjin tun daga sama har ƙarshe, a duba ƙwayayen tsutsa da na Eimeria a ɗakin gwaji, a kuma gano maganin da bakteriyar ke ji. Akan yi amfani da flubendazole ko fenbendazole wajen tsutsa, amprolium kuma wajen kashin jini, amma wajibi ne a karanta takardar kowane magani, domin wasu ba a yarda a ba kazar da ake cin ƙwanta ba, wasu kuma sai an zubar da ƙwan na wasu kwanaki. Bayan haka sai a gyara mazubin ruwan da ke ɗiga, a kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, a sake gwada kashin bayan mako shida zuwa takwas, wanda shi ne kusan lokacin da sabuwar Ascaridia ke ɗauka kafin ta fara zuba ƙwai.