Abin da Tudun Hatsi ta koya mini bayan rasuwar ɗan goggona

Duk wanda ya yi harkar hatsi a Tudun Hatsi ta Gombe ya san yadda 'yan uwa ke haɗa jari. Ɗaya na bin kasuwannin Kumo da Dukku da Bajoga yana auno wake da masara da riɗi, ɗaya na zaune a sito yana jiran masu lodin Kudu. Ba a rubuta komai, don neman takarda wurin ɗan uwa kamar zargi ne. Haka muka yi da ɗan goggona, Allah ya jiƙansa, abokin wasana tun makarantar allo, mutumin da in ya cusa hannu cikin buhu zai gaya maka ko waken ya gama bushewa. Tunda na bar sito, bari masu irin wannan tarayya su ji.

Ranar da ɗayanku ya rasu, tarayya ta ƙare. Ana share makoki sai dattijon dangi ya zo da biro da takarda ya ƙirga buhuna, kuma duk abin da idonsa ya gani sunan mamaci zai sa masa. Kai ɗan kawu ba ka da ko kwabo a gado, ba kuma shi kake nema ba. Jarinka kake nema, wanda ya kamata a ware tun kafin a cire kuɗin jana'iza da bashi da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, balle a zo kan tumunin mata da sudusin uwa da rabon 'ya'ya. Amma sai ka tabbatar da shi. A kotun shari'a ana neman shaidu biyu adilai, ko ɗaya da rantsuwarka, kuma da yake a kan mamaci kake da'awa, sai ka ƙara rantsewa cewa ba a biya ka ba, ba ka kuma yafe ba. A nan ake faɗuwa. 'Yan dako da direbobi da masu awo duk sun san tare kuke, sai dai babu wanda ya san nawa kowa ya zuba. Dattijon ma ya san ba za ka iya tsayawa gaban alƙali da yaran da ke kiranka baba ba. Abin da zai ce kawai shi ne, haba ɗana, da marayu za ka yi shari'a? Shi ke nan, ya gama da kai, alhali bai taɓa kwana a bayan mota a hanyar kasuwa ba.

Maganin ba shi da tsada. Littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi ya isa. A rubuta kwanan wata, jarin kowa, kason riba da na asara, sunan da ke kan hayar sito, da wanda ya sayi sikeli. Duk ƙarshen kaka a yi lissafi, ku sa hannu tare da shaidu biyu waɗanda ba 'yan gida ba, ɗaya daga shugabannin kasuwa. Kowa ya ɗauki hoton shafin a wayarsa. Wanda ya ce rashin yarda ne, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Sai banki. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 yawancin ciniki ya koma tiransifa, kuma galibi asusun mutum ɗaya ake ba masu saye. Da banki ya ji labarin rasuwa zai rufe asusun. Sunan makusancin da aka cike a fom ba ya mai da mutum magaji, ba ya kuma ba shi ikon cire kuɗi. Sai an kawo takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, abin da kan ci watanni. Kada ka kuskura ka ciri ko naira ɗaya da katinsa, ko da ka san lambar sirri, ko da kuɗin naka ne. Sata za a kira shi, kuma zai ɓata maka sauran hujjarka. Ku yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku buɗe asusu da sunan, ku tambayi banki abin da zai faru in ɗaya ya rasu.

Wake ba ya jiran rabon gado, ƙwaro zai riga alƙali. A nemi izinin magada a rubuce, a sayar a farashin ranar a gaban wakilinsu. Kayan ajiyar mutane a rubuta sunan mai su a jikin kowane buhu. Masu riƙe da bashinku a bi su cikin makon farko, don bayan sadakar arba'in da yawa mantuwa ke kama su. Matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma, amma sau da yawa ta fi 'yan uwansa maza sanin wanda ake bi da wanda ke binsa, saboda haka a aika mata ta hannun wanta ko mahaifiyarta.

Lissafin da na miƙa wa dangi bai yi giɓin ko mudu ɗaya ba, har da bashin da ni kaɗai na san da shi. Rabona kuwa yana wuyan wanda ya yi ƙidayar.